Shinkafar Mutum Biyu

"Ga gado, ga na'urar sanyi, ga intanet na aikinka," in ji tsohon mai gida a unguwar Balad ta Jidda. "Sharaɗina ɗaya: da azahar ka rufe kwamfutar nan, mu ci abinci tare muna Hausa."

"Shi ke nan, Baba?"

"Halas, shi ke nan."

Suka tafa. Baƙon, Bakano mai aiki daga ɗaki, ya yi ta laluben inda tarkon yake. Da aka kwana biyu ya gane: tun rasuwar matarsa, hannun tsohon ya kasa rage awo, kullum shinkafar mutum biyu yake dafawa.

Baƙo ya samu uba, tsoho ya samu abokin ci. Kyanwoyin lungun kaɗai suka yi asara, don su ke cinye rabon marigayiya.