Kantar Shinaka

Kwamfuta, na'urar karanta lambar kaya, riga biyu da tikitin komawa. Abin da ya ɗauko ke nan, motar Goronyo tana ta girgiza shi bayan Achida.

Mahaifinsa ya rasu ya bar shago. Mai son sayen shagon ya ce sai an zuba kayan a manhaja, kowanne a rukuninsa. Da ya isa shagon ya fara: abinci, sabulu, kayan gona.

Sai ya iso kantar ƙurya. Batir, kanwa, igiyar akuya da takalman roba, duk wuri guda.

"Inna, mi ya haɗa waɗanga kaya?"

"Mutanen Shinaka. Babanka ƙauye-ƙauye ya ka jera kaya, kowa ya san kanta tai. Tun da ɓarayin daji sunka tare hanya, ba su zowa."

Manhajar ta nuna kayan ba sa tafiya, a cire su.

"In sun komo fa?" in ji Inna, tana goge wani ɗan takalmi da bakin mayafinta.

Ya juya ga kwamfutar. Ya buɗe sabon rukuni, ya sa masa suna Shinaka, sannan ya ja ƙofar shagon ya rufe.

Ya ce wa Inna, "A ba mai saye haƙuri. Muna jiran mutane."