Farin Yatsan Shago

Shekarar ta kwanta mini. Wani lokaci ina ganin bayan an kawo wutar lantarki ƙauyen ne, wani lokaci kuma kafin nan. Yawan mahayan ma ya ɓace mini, na dai tuna kekunansu sun cika filin makarantar firamare har bakin rijiya. Abin da ya rage a kaina shi zan faɗa.

Ƙauyukan da ke arewa da Bici suna tseren keke kashegarin ƙaramar Salla. Daga filin makaranta ake tashi, a je wata tsohuwar kuka a bakin rafi, a zagayo. Matsalar ita ce gonaki sun haɗe da juna, ko'ina akwai 'yar hanya, mai wayo zai iya yankewa ya riga kowa dawowa. Da can ana sa mai gadi a gindin kukar, amma kowace shekara sai an zarge shi da fifita 'yan garinsu. Sai dattawa suka kawo dabara: a ajiye tukunyar shuni a wurin tun asuba, ba kowa a kusa, duk wanda ya isa ya tsoma babban yatsa. Wanda zai kai tukunyar ma ba a bayyana shi, don kada a nemi alfarma a wurinsa. Alƙalin tsere kaɗai ya san shi.

Alƙalin shi ne Malam Zubair, tsohon hedimasta, wanda rabin mahayan a hannunsa suka koyi karatu. A shekarar, kyautar na ɗaya injin ban ruwa ce.

Da safe an gan shi cikin farar riga, yana sauri zuwa wani ɗaurin aure a kan babur ɗinsa. Mai unguwa ne ya busa usur a madadinsa. Malam bai dawo fili ba sai dab da isowar mahaya, ya sake riga, ya sa baƙa duk da zafin rana.

Shago ne ya fara shigowa. Manomi ne daga unguwar Kiristoci da ke bayan rafi, mai kai tumatir kasuwa a keke tun yana saurayi, kuma shi da matarsa Marta da guga suke shayar da lambunsu. Har ya sha ruwa ya huta kafin Basiru, na biyu, ya ɓullo.

Aka jera su, kowa ya ɗaga yatsa. Na Basiru shuɗi. Na waɗanda suka biyo baya shuɗi, har na ƙarshe da ya turo kekensa da faci. Na Shago fari tas.

"Baba Malam, na je kukar," in ji Shago. "Har na zagaya ta ina dubawa. Babu tukunya."

Mutane suka yi dariya. Wani ya ce wataƙila aljanun kukar ne suka ara su rina zane. Basiru ya ce shi dai ya tarar da ita a cike, har ta ɗan zube a gefe. Wani dattijo daga unguwar su Shago ya nemi a kira wanda ya kai tukunyar ya faɗi lokacin da ya ajiye ta.

Malam Zubair ya tsaya a gaban mahayan, hannunsa na hagu a aljihu. Sannan ya ce al'ada ta hana a ambaci mutumin, kuma ba zai tsayar da mai mutunci a gaban taro a yi masa tambayoyi ba. Doka dai yatsa take dubawa. Ya ba Basiru injin.

Shago ya durƙusa ya gaishe da malaminsa, ya hau kekensa.

Daga ranar aka laƙaba masa Mai Yanke. A kasuwa masu sayen tumatir suka fara zazzage kwandonsa su ga ƙasan, abin da ba su taɓa yi masa ba. Bai sake shiga tsere ba.

Malam kuwa sai yabo, an ce ko ɗalibinsa bai raga wa ba. In an faɗa a gabansa, sai ya tashi ya ce zai yi alwala. Shekara ta zagayo, ya ce a riƙa tura mutum biyu daga garuruwa daban su kai tukunyar tare, ya kuma ajiye alƙalancin, wai idonsa ya yi rauni, alhali yana karanta jarida ba tabarau. Da rani ya kama, ya sayar da babur ɗin, ya sayi injin ban ruwa, shi da ba shi da lambu. Ya aika wa Marta, ya ce aro ne. Bai taɓa neman a dawo da shi ba. Na sha ganinsa ya sauya hanya in ya hango Shago, na ɗauka tsanar maguɗi ce. Nakan yi kuskure wajen karanta mutane, tun ma kafin tsufa.

Bayan rasuwar Malam na je gaisuwa, na zauna kusa da Baba Yahya marini, wanda a wurinsa ake karɓar shunin kowace shekara. Hira ta kawo mu kan tseren. Saboda ban yarda da kaina ba, na koma gidansa bayan kwanaki na sake tambaya, matarsa ma ta tabbatar daga bayan zana. A shekarar nan tukunyar tana zaurensa har ya jiyo usur daga filin makaranta, kuma wanda ya zo a guje ya ɗaure ta a bayan babur, shuni na fantsama a farar rigarsa, Malam Zubair ne.