Ragowar Dambu a Zaure

Tun a cikin adaidaita sahu Ikrima yake shakkar ko Zinariya za ta fahimce shi. A ƙasar da ya yi karatu, mutum ya ture faranti ba komai ba ne. A Fagge kuwa, saurayi ya riƙa rage girkin budurwarsa magana ce babba.

Ta kawo masa dambu zaure. Ya ci kaɗan, ya rufe.

"Malam Ikrima, in wata ka samu, ka faɗa min," ta ce, idonta a kan kwanon. "Yayata ta ce in sallame ka yau."

"Likita ce a Sabon Gari ta ce in rage ƙiba saboda hawan jini. Kalori dubu biyu a rana, kuma ban da zama da yunwa. Kunyar faɗa miki nake ji."

Ta ɗago kai ta dube shi. "Wa yake auna maka?"

"Canka kawai nake yi." Ya sunkuyar da kai. "Ke za ki iya?"

"Zan ƙara zogale, in rage mai. Amma ba a zauren Baba ba. Ka turo manyanka."