Tela da Dardumar Na'urarsa

Kafin ka ɗora wa kowa laifi, saurari abin da ya sami wani tela. Mutumin nan Allah ya jarabce shi da son taurari, har ya sayi na'urar hangen sama mai kwamfuta, irin wadda ke tsayawa kan ƙafa uku kamar tukunya bisa murhu. Aikinta ba wuya: ka nuna mata taurari biyu ta gane inda take, daga nan duk wanda ka nema sai ta juya da kanta ta kamo maka shi. Don tsabar girmamawa, bai taɓa yarda ƙafarta ta taka rairayin tsakar gida ba. Darduma mai taushi yake shimfiɗa mata, kai ka ce surukarsa ce ta kawo ziyara. Amma duk ranar da ya ce ta kamo masa tauraro mai zobe, sai ta yi ɗan ƙugi ta juya, ya leƙa, wayam! Ya zargi wanda ya sayar masa, ya canza batir, ya gyara mata agogo da kwanan wata, ya ɗaure kowane noti. Shiru kake ji.

Ana haka sai yayarsa ta zo daga ƙauye, ita da ta fara nuna masa taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta tun yana ƙarami. Ya yi mata alkawarin ganin zoben nan, ga shi idonta ya fara yana, kuma da safe za ta koma. Bayan isha'i yana ta kai-komo yana zufa, kunya ta ishe shi, har tsohuwa ta gaji da tsayuwa.

"Kai auta," in ji ta, "ƙarfe na kan darduma, ni ina tsaye? Miƙo ta nan."

Ya janye darduma ba da son ransa ba, ya kafa ƙafafun nan uku a ƙasa, ya sake nuna taurari biyu. Na'ura ta juya, ta tsaya cak. Ga tauraro da zobensa, tsaf a tsakiya! Tsohuwa ta leƙa, ta yi salati, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Shi kuwa murna ta sa ya yi ta dariya har da hawaye, don sai a lokacin ya gane: duk takun da yake yi a kan dardumar, jan ƙafar na'urar yake yi, saitin ya goce.

Gaskiyar masu iya magana: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.