Gethin Ya Tsere Wa Kowa

Fitilu shida ne a bayansa, kuma Gethin Pryce ya rantse ko ɗaya ba za ta wuce shi ba.

Dillalin gidaje ne, ga tumbi ga baki. Wata guda ya yi yana damun mutanen ƙauyen a mashaya, wai a tseren daren bana na kan tudu, wanda ake yi don tara wa 'yan ceton kan dutse gudummawa, shi zai zo na ɗaya. Ya sayi takalmin da ya fi na kowa tsada. Wayarsa ma a mota ya bar ta, wai nauyi za ta ƙara masa.

Tun da hazo ya rufe tudun bai sake ganin tutocin hanya ba, bai kuma ga kowa ba. Ya ce lallai ya yi wa sauran 'yan tseren fintinkau. Ya faɗa taɓo har gwiwa, ya fito. Ya yi karo da tunkiya, ya zage ta tas.

Sai ga fitilun nan sun ɓullo, da busa usur, har da haushin kare.

"Gethin! Tsaya!"

Muryar Emrys ce, ƙanin matarsa, makiyayin tumaki, wanda suka tashi tseren kafaɗa da kafaɗa.

"In tsaya ka wuce ni? Ka makara, yaro!"

Ya kashe tocilan goshinsa, ya lafe a bayan wani dutse har suka yi gabas, shi kuma ya ɓalle yamma. Sau biyu yana yi musu haka, yana dariya ƙasa-ƙasa, haƙoransa na kaɗawa don sanyi.

Gab da asuba ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Ya zube a jikin katangar wani garken tumaki, amma duk da haka sai da ya ɗaga hannu biyu sama. Fitilun suka kewaye shi. Wani ya lulluɓa masa bargo, wata ta kafa masa kofin shayi a baki.

"Ku dai shaida ne," in ji shi yana haki, "babu wanda ya wuce ni."

Emrys ya durƙusa gabansa, jiƙe sharkaf, murya ta dishe.

"Mijin Yaya, tun ƙarfe goma aka soke tseren saboda hazo, kowa ya koma gida ya kwanta. Waɗannan 'yan ceto ne, awa shida ke nan kana tsere mana."