Kofin Ruwa a Watan Azumi

Ran goma ga azumi, da rana tsaka, tsohuwar ta iso daga Gwagwalada, ta tura ƙofar kicin ta tarar da 'yarta tana kurɓar ruwa a kofi.

Nan take ranta ya ɓaci. Dama ita ba ta so aikin tiyatar nan da aka yi wa 'yar ba. Shekara bakwai yarinyar tana gidan miji a Apo babu ko ɓari, jiki sai ƙiba, al'ada kuwa ta ɗauke ɗif. Likitoci suka ce ƙwan mahaifarta ne ya yi ƙulle-ƙulle, a rage mata tumbi ko abin ya warware. Uwar ta yi faɗa har ta gaji, wai ina ruwan tumbi da haihuwa. Ba a ji ta ba, aka yi.

"To ga shi nan," ta ce. "Sun yanke miki ciki, yanzu azumin ma ya gagare ki. Ke da tun aurenki ba ki taɓa shan ko ɗaya ba."

'Yar ta sunkuyar da kai tana juya kofin.

"Ba ƙishi ba ne, Umma. Fashin salla nake."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Can ta gyara ɗaurin zani, ta kunna wuta. Da azumi a bakinta, hawaye na sauka, ta dama wa 'yarta kunu.

"Zauna ki sha," ta ce. "Allah ya maimaita mana."