Amsar Kyarkeci

Kafin ruwan shayi ya tafasa, Pani Orysia, wato Uwargida Orysia, ta riga ta tayar da rigimar ranar. Tana zaune a kicin ɗinta a garin Geelong na Ostireliya, tabarau a kan hanci, tana latsa waya da yatsa ɗaya, ta rubuta a zauren Facebook na 'yan Yukren mazauna garin: "Ranar Asabar ku zaɓi Pellow. A daina tura makamai. Ba don a binne 'ya'yan mutane muke biyan haraji ba."

Pellow ɗan takara ne mai zaman kansa, kuma duk kamfen ɗinsa magana ɗaya ce: Ostireliya ta tsame hannunta daga yaƙin Yukren. A zauren da kusan kowa yake da ɗan'uwa ƙarƙashin ruwan bama-bamai, ambaton sunansa kaɗai neman faɗa ne.

Aka yi mata caa. Maciya amana, 'yar koren Mosko, tsohuwar da ta manta asalinta. Orysia ta bi ta kansu ba tare da ta karanta ba. Mutum ɗaya take jira, wani mai kiran kansa Kyarkeci, ba hoto, ba sunan gari. Watanni ke nan suna gwabzawa. Yakan shigo wajen la'asar, ya yaɓa mata layi biyu masu zafi, ya ɓace. Sai ta karanta, ta sake karantawa, sannan abinci yake iya shiga cikinta.

Wannan taurin kai ya ci mata abubuwa da yawa. Matan cocin da suka yi shekara da shekaru suna naɗe varenyky, abincin gargajiyarsu, tare sun daina matsa mata wuri a teburin girki. An fasa mata ƙwai a ƙofar gida. 'Yan Yukren sun iya ƙauna, amma wallahi sun fi iya gaba, kuma Orysia ta san haka tun kafin ta fara. Duk da haka ba ta fasa ba, muddin Kyarkeci zai amsa.

A makon zaɓe ya yi ɗif.

Ta rubuta cewa yaƙin ya riga ya ƙare, shugabanni ne ba sa so su faɗa. Shiru. Washegari ta rubuta cewa masu zuwa fagen daga wawaye ne da aka yi wa daɗin baki. Ta tura wannan, ko da yake ta san akwai iyayen mamata a zauren. Zagi ya zubo kamar ruwan sama, amma babu nasa a ciki. Tsoro ya kama ta, irin wanda yake hana mutum zama wuri ɗaya.

Ranar Asabar ta saka rawayar rigar kamfen ɗin Pellow, ta je ta tsaya a ƙofar makarantar firamaren da ake jefa ƙuri'a, cikin masu raba katin da ke nuna yadda za a jera 'yan takara. Ƙamshin sosej da albasa da iyayen yara ke gasawa ya cika filin. Duk ɗan Yukren da ya zo wucewa sai ya kau da kai.

Stefa ce kaɗai ta tsaya, ƙawarta tun suna 'yan mata, burodi a hannu.

"Orysia, kanki ɗaya kuwa? Rubutun bai ishe ki ba sai kin saka rigar?"

"Karɓi kati, Stefa. Lamba ɗaya, Pellow."

"Allah ya sawwaƙe! Danylo ya dawo daga aikin ma'adinan nan ya tarar da wannan abin kunya, da wane ido za ki dube shi?"

"Ki bar min ɗana a inda yake. In kin isa, ɗauke ni hoto ki saka a zaure."

"Au, haka kika ce?"

"Ki ɗauka da kyau, rigar ta fito."

Stefa ta ɗauka tana huci. Kafin ta kai bakin titi hoton ya shiga zaure.

Da rana ta yi tsaka Orysia ta cire rigar, ta shiga layi kamar kowa. A cikin ɗan shingen kwali, inda babu mai ganin hannun wani, ta bi gidajen takardar tana saka lamba ɗaya bayan ɗaya. Pellow ta ba wa ta ƙarshe.

Ta koma gida ta ajiye wayar a kan tebur, ta zauna ta zuba mata ido. Hoton ya yi aikinsa fiye da yadda ta zata. Wanda yake kula da zauren ya rubuta cewa gobe za a cire ta gaba ɗaya. Wannan ne ya fi tayar mata da hankali, don in an cire ta babu sauran inda za ta same shi.

La'asar ta yi, ta wuce. Shayin da ta haɗa ya huce a gabanta.

Sai wayar ta yi ƙara. Kyarkeci ne, amma ba a zaure ba, saƙo ne gare ta ita kaɗai, abin da bai taɓa yi ba. Kuma ya yi tsawo, kuma da gaisuwa ya fara. Ta gyara tabarau ta karanta.

"Pani, ki yi haƙuri, ba mai wayar ba ne. Rami ɗaya muke da shi a fagen daga. Ranar Litinin muka rasa Danylo, bai sha wahala ba. Ya taɓa ce min in hakan ta faru, in gaya wa mahaifiyarsa ya san abin da ya sa take tsokanarsa kullum, shi ya sa bai taɓa ƙin amsa mata ba."